Bakandamiyar Shata: Asalinta, Ire-irenta da Yadda Aka Yi Ta a Dandali



Akwai wata gardama wadda ba ta ƙarewa a tsakanin masu sha'awar waƙoƙin Alhaji Mamman Shata Katsina. Ana yin ta a tashar motar Batsari ranar Alhamis da kasuwa take ci, ana yin ta a majalisar dattawa a Safana bayan la'asar, haka kuma ana yin ta a ɗakunan kwanan ɗalibai a Zariya da Kano. Yadda takan tashi shi ne, wani ya kunna Bakandamiya, kafin ta yi nisa sai wani ya ce wannan ba ita ce ta ainihi ba, ta ainihin ta fi wannan tsawo, kuma a cikinta akwai wurin da ya ambaci wane da wane. Na uku kuma ya ce dukansu biyu ba su san ta ba, shi ya ji ta da kunnensa a gidan biki, ba haka take ba. Abin mamaki shi ne babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa abin da ya ji yake faɗa. Maganar da nake so in yi a yau ita ce, Bakandamiya ba ta da wata guda ɗaya da za a ɗaga a ce ita ce uwa, sauran kuwa kwafi ne; kowane yi da Shata ya yi mata, wannan yin shi ne waƙar. In kuwa haka ne, to, aikin adana ta ya fi yadda muke zato girma, lokacin yinsa kuma yana ƙurewa.

Ya kamata mu fara sanin inda wannan tambaya ta "wace ce ta ainihi" ta samo tushe, domin tambaya ce ta zamanin faifai. A ƙasashen Turai da Amurka, musamman a kiɗan samari da suke kira rok, wanda ya bunƙasa daga shekarun 1950, waƙa takan fara rayuwarta ne a ɗakin ɗaukar murya. A can ake gyara ta, a buga ta a faifai, a sa mata kwanan wata, sa'an nan makaɗan su fita yawon gari gari suna yi wa mutane abin da suka riga suka ji a faifan. Alal misali, Bob Dylan na Amurka ya fitar da waƙarsa mai suna "All Along the Watchtower" a watan Disamba na 1967, da kiɗa mai sanyi, tsawonta minti biyu da rabi. A watan Janairu na 1968 sai Jimi Hendrix ya shiga ɗakin ɗaukar murya a Landan ya sake ta da garayar Turawa mai lantarki, ta fito a watan Satumba na shekarar, ta kuwa fi ta mai ita karɓuwa. Shi kansa Dylan bai fara yin ta a gaban jama'a ba sai a 1974, daga nan kuma ya yi ta fiye da sau dubu biyu, yawanci a salon da ya fi kusa da na Hendrix. Ko a can ma ke nan waƙa tana sauya kama. Amma duk da haka suna da faifan 1967 a ajiye, da shi ake auna duk wani yi da ya biyo baya. Mu kuwa a nan al'amarin a juye yake. Dandali ne ya riga faifai, ya kuma riga shi da nisa. Lokacin da na'ura ta fara kama muryar Shata, ta tarar da shi ya riga ya yi suna a bakin 'yan kasuwa da 'yan mata da direbobi.

Ita kanta kalmar "bakandamiya" ta girmi Shata. Akwai masu fassara ta da bulalar fatar dorina, akwai kuma masu danganta ta da kandami, watau babban tafki mai zurfi. Ko wanne aka ɗauka, ma'anar da makaɗa suka ba ta ɗaya ce: waƙar da makaɗi ya zuba duk ƙarfinsa da hikimarsa a cikinta, wadda in an ji ta an ji iyakar gwanintarsa. Ibrahim Narambaɗa yana da tasa Bakandamiyar, wadda ya yi wa ubangidansa Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya kuma cusa yabon kansa a cikinta. To, a nan ne ta Shata ta fita daban. Ta Narambaɗa tana da sarki a tsakiyarta. Ta Shata ba ta da kowa a tsakiya sai Shata.

Ba za a gane nauyin wannan ba sai an duba inda mutumin ya fito. An haifi Muhammadu Shata a Musawa cikin ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa Ibrahim Yaro Bafillatani ne, gidansu ba gidan kiɗa ba ne, bai kuwa so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a wancan zamani duk wanda ya ɗauki kiɗa da waƙa sana'a maroƙi ake ce masa, maroƙi kuwa a ƙasan tsani yake zaune. Shata ya yi tallan goro da alewa kafin waƙa ta rinjaye shi. Ya bar Musawa ya zauna a Bakori, daga baya Funtuwa da Kano suka zama mazauninsa. Bai gaji waƙa ba, bai yi wa wani makaɗi barantaka ya koya a hannunsa ba, ba a kuma naɗa shi makaɗin wata fada ba, ko da yake kowa ya san kusancinsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Hatta abin kiɗansa ba na fada ba ne. Sarakuna suna da tambari da taushi da kotso da jauje da kakaki. Kalangu kuwa gangar mahauta ce da 'yan mata a dandali. Mutumin da ya tashi ba gado, ba fada, da gangar da ake ganin ta talakawa ce, shi ne ya tsaya a gaban sarakuna da attajirai ya yi wa kansa waƙa sukutum, yana cewa a fagen waƙa babu na biyunsa. Wannan ita ce Bakandamiya. Amsa ce ga duk wanda ya taɓa ce masa maroƙi da nufin raini.

Wani zai ce yabon kai jahilci ne, haka Hausawa suke faɗa, yaya aka yi jama'ar da ta ɗauki kunya da kawaici ado ta rungumi waƙar da ba kome a cikinta sai yabon kai? Mutanen Batsari da Safana sun fi kowa sanin amsar. Ƙasar Ruma ƙasar iyaka ce, ta sha hare-haren Maraɗi a ƙarni na 19, ta kuma yi suna da mayaƙa irin su Ɗanwaire. Ga Dajin Rugu a gefe, inda maharba suke shiga farauta. A irin wannan ƙasa an san cewa akwai fagen da aka yarda namiji ya buɗe baki ya faɗi ko shi wane ne. Maharbi yana kirari kafin ya shiga daji, ɗan tauri yana kirari in an buga masa takensa, ɗan dambe yana kirari kafin ya sa zare. Ba a ce musu marasa kunya, domin kirari alkawari ne: wanda ya yi shi ya ɗaure kansa, in bai cika ba jama'a na nan suna kallo. Abin da Shata ya yi shi ne ya ɗauko kirarin maza daga fagen dambe da farauta ya kai shi fagen waƙa, ya shimfiɗa shi a kan kalangu. Shi ya sa a cikin Bakandamiya yake kwatanta kansa da manyan abubuwa masu ban tsoro, yana lissafa garuruwa da ƙasashen da ya taka, yana zuga makaɗansa, yana kuma yi wa sauran mawaƙa habaici. Kirari kuwa, kamar yadda muka sani, ba a haddace shi a yi ta maimaitawa kamar karatun allo. Wanda yake tsaye a gabanka da abin da ya faru jiya su ne suke ba shi kaifi.

Yanzu sai mu duba ginin waƙar, domin a cikin ginin ne dalilin yawan ire-irenta yake. Masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun raba waƙar makaɗa zuwa gindi da ɗiya. Gindin waƙa shi ne amshin da ake komawa gare shi a kai a kai. Ɗiya kuwa su ne guntayen maganganun da jagora yake jefawa tsakanin amshi da amshi. A wurin makaɗan fada, kamar Narambaɗa da Alhaji Musa Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina, 'yan amshi ba gindi kaɗai suke riƙewa ba. Jagora yakan fara ɗa, su karɓe su ƙarasa masa, wani lokaci su yi ƙari mai tsawo, muryoyi uku ko huɗu a tare ba mai saɓa wa wani. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna a gida an shirya waƙar, an yi ta bita har kowa ya haddace rabonsa. Saboda haka waƙar fada, in an sake ta bayan shekara biyar, ba ta yin nisa ƙwarai da yadda aka fara ta. Jagora ba ya iya kauce wa hanya ba tare da ya bar yaransa a baya ba.

Tsarin Shata dabam ne. Makaɗansa, waɗanda su ne kuma 'yan amshinsa, abu biyu suka riƙe: kiɗan da gindin waƙar. A Bakandamiya gindin nan godiya ce ta mai ganga da yaransa, gajere ne, ba ya sauyawa. Duk abin da yake tsakanin amshi da amshi kuwa na Shata ne shi kaɗai, ba ya jiran kowa ya ƙarasa masa. Yana iya yin ɗa mai layi ɗaya, yana iya jan sa ya kai layi goma. Yana iya sa abin da ya saba rufewa da shi a farko, ya bar wani ɗan gaba ɗaya, ya ƙirƙiro sabo nan take saboda wani da ya hango ya shigo fage. An san shi da cewa ba ya zama ya tsara waƙa a gida. A fage take zo masa. Wannan ba ya nufin kome sabo ne a kowane dare. Yana da rumbu na ɗiyan da ya riga ya gina cikin shekaru, waɗanda masu sauraro suka sani suke kuma jira, in ya jefo ɗaya daga ciki fage ya ruɗe da sowa. Amma wanne zai ɗauko, a wane wuri zai sa shi, da me zai haɗa shi, wannan sai daren ya yi. In za a yi misali, kiɗan da amshin su ne dirkokin rumfa, suna nan a kafe. Zanan da ake rufawa kuwa kowace kasuwa da irin nata.

Wannan hali ba na Hausa kaɗai ba ne. Tsakanin 1933 da 1935 wani malami na Jami'ar Habad ta Amurka, Milman Parry, tare da ɗalibinsa Albert Lord, sun je ƙasar Yugosilabiya ta wancan lokaci sun ɗauki muryoyin mawaƙan baka waɗanda ba su iya karatu ba, ɗaya daga cikinsu har ya yi musu waƙa mai layi fiye da dubu goma sha biyu. Mawaƙan sukan rantse cewa kalma da kalma suke maimaita waƙarsu, amma da aka jera ɗauka biyu na waƙa ɗaya sai aka ga sun bambanta ƙwarai. Lord ya fitar da littafi a kan wannan a 1960, inda ya nuna cewa mawaƙin baka yana shirya waƙarsa ne a daidai lokacin da yake yin ta. A namu ɓangaren, Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana a 1975, tun mawaƙin yana tsakiyar ƙarfinsa. Tun daga lokacin nan aka daina yi wa mai nazarin Shata kallon wanda ya rasa abin yi.

To, waɗanne ire-ire ne muke da su a hannu, me kuma ya bambanta su? Abu na farko shi ne wurin da aka yi waƙar. Bakandamiyar dandali, watau ta gidan biki ko naɗin sarauta ko wasan da aka shirya a fili, ita ce mafi tsawo, ita ce kuma mafi hayaniya. A cikinta ana jin sanƙira yana kwarara kirari yana shelar kyautar da wane ya yi, ana jin guɗa, ana jin Shata ya dakata da yabon kansa ya juya ga wanda ya yi masa liƙi, ya ba shi ɗa ɗaya ko biyu, sa'an nan ya koma inda ya tsaya. Wani zai ga wannan katse waƙa ne. A ganina a nan ne ƙarfinta yake, domin a nan ake ganin yadda kirari yake jawo kyauta, kyauta kuma take ƙara wa kirari wuta. Tsawon waƙar a irin wannan wuri jama'a ne suke yanke shi. Muddin hannu yana shiga aljihu, kalangu ba ya faɗuwa.

Ta gidan rediyo kuwa wata aba ce. Tun da aka kafa gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna a 1962, muryar Shata ta shiga ƙauyukan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, har ƙetaren iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram. Amma a ɗakin ɗaukar murya babu mai liƙi, babu abokin hamayya a gefe, akwai agogo a bango da ma'aikaci mai ɗaga hannu in lokaci ya cika. Akwai kuma maganganun da suke wucewa a dandali da tsakar dare waɗanda ba a sa su a rediyon gwamnati. Saboda haka ta rediyo takan fito a tsabtace, kalmomi suna fita sarai, amma zafinta ya ragu. Faifai ma haka: tsohon faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da kamar minti uku a kowane gefe, babban faifan da ya biyo baya, irin wanda kamfanin EMI ya riƙa buga wa makaɗan ƙasar nan har da Shata, yana ɗaukar kamar minti ashirin. Waƙar da ba ta da iyaka sai gajiyar makaɗa, ga ta an auna ta da faɗin roba. Yawancin mutanen da suke rantsuwa cewa tasu ce ta ainihi, in an bincika, wadda suka fi ji a rediyo suna yara suke nufi. Maimaitawar rediyo ce ta mai da ɗauka ɗaya ya zama kamar shi ne waƙar.

Sai kaset ya zo. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, amma sai a shekarun 1970, da kuɗin man fetur suka shigo, rikoda ta zama abin da malamin makaranta da ɗan kasuwa da direba suke iya saye. Daga nan kowa ya zama mai ɗaukar murya. Mutum ya ajiye rikodarsa kusa da makaɗa a gidan biki, ya koma gida da Bakandamiyar da babu mai irinta a duniya sai shi. Masu shagon kaset suka riƙa kwafa daga kaset zuwa kaset, in waƙa ta fi gefe ɗaya tsawo a datse ta, in ta gaza a cike da wata. Sau da yawa ba a rubuta kome a jiki sai sunan Shata. Yau kuma waɗannan su ne aka juye a katin waya, masu tura waƙoƙi a kasuwa suna sayarwa, wasu kuma an ɗora su a YouTube, har da na talabijin inda ake ganinsa tsaye da babbar riga makaɗa sun kewaye shi. An samu yawa, amma an rasa bayani: ba wuri, ba shekara, ba sunan mai biki.

A nan zan ɗan ratse in ambaci Fela Anikulapo Kuti na Legas, wanda ya rasu a 1997, domin ya fuskanci wannan matsala ta faifai da dandali ya warware ta ta wata hanya. Shi yakan yi ta yin sabuwar waƙa a gidan rawarsa wata da watanni, ran da ya buga ta a faifai kuwa ya gama da ita, ba ya ƙara yin ta a fage ko an roƙe shi. A wurinsa faifai kabarin waƙa ne. Shata bai ɗauki faifai da wannan nauyi ba ko kaɗan. An ɗauka ko ba a ɗauka ba, gobe zai sake ta yadda ya ga dama.

Abu na biyu da ya bambanta ire-iren shi ne shekarun mawaƙin. Mutumin da ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa ba zai yi kirari iri ɗaya a farko da ƙarshe ba. Murya takan yi kauri, gudun kiɗa yakan sauya, makaɗa wasu sun mutu wasu sun shigo. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne matsayin mai maganar ya sauya. Saurayin da yake cewa ya fi kowa, alhali ana yi masa kallon ɗan tallan da ya bijire wa mahaifinsa, faɗa yake yi. Dattijon da ƙasa ta ba lambar girma ta MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba shi digirin girmamawa na dokta a 1988, in ya faɗi wannan magana, labari yake bayarwa na abin da kowa ya riga ya yarda da shi. Kalmomin suna iya zama ɗaya, amma waƙar ba ɗaya ba ce. Ni dai na fi son waɗanda ake jin faɗan a cikinsu, ko da yake na san masu son na tsufan sun fi yawa.

Tun da yawancin abin da muke da shi ba shi da kwanan wata, yaya ɗalibi zai jera su? Waƙar da kanta tana ba da shaida in an kasa kunne. Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo ranar 1 ga Janairu 1973. In sanƙira ya yi shelar kyauta da naira, an san ɗaukan bai riga wannan rana ba. In an kira shi Dokta, bai riga 1988 ba. In an ambaci Jihar Katsina a matsayin jiha, bai riga Satumba 1987 ba, domin kafin nan ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna, kafin 1976 kuma sunan jihar Arewa ta Tsakiya. In an yi wa Sarkin Katsina Usman Nagogo addu'ar tsawon rai, kafin rasuwarsa ne a 1981. In Muhammadu Kabir Usman ne a gadon, bayan nan ne. Haka sarautun hakimai da muƙaman ma'aikata: wanda aka kira da sarauta kaza, a je a tambayi shekarar da aka naɗa shi. Amma fa a yi hattara da abu ɗaya. Tsohon ɗa yana iya zama a cikin rumbun mawaƙi shekara talatin, ya fito da shi a sabon wasa da fam ɗinsa da sulensa, kuma mutanenmu sun daɗe suna lissafi da fam bayan an daina buga shi. Saboda haka tsohuwar alama ba ta tabbatar da tsufan ɗauka. Alamar da ta fi kowace sabunta a cikin kaset, ita ce take yanke hukunci.

Shata ya rasu a watan Yuni na 1999 a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka kai shi Daura aka rufe. Daga ranar nan rumbun ya rufe. Ba za a ƙara samun sabuwar Bakandamiya ba, sai dai a rasa daga cikin waɗanda ake da su. An yi aiki mai kyau a kan tarihinsa: Ibrahim Sheme da abokan aikinsa uku, Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami, sun fitar da littafin "Shata Ikon Allah!" a 2006. Amma rubuta waƙa a takarda yana da nasa haɗari. Duk wanda ya buga matanin Bakandamiya a littafi, dare ɗaya ya zaɓa daga cikin darare masu yawa, ɗalibi kuma ya haddace shi ya shiga jarrabawa da shi yana zaton ita ke nan. Ya kamata duk matanin da za a buga a faɗi daga wane ɗauka aka rubuto shi, in da hali kuma a jera biyu ko uku gefe da gefe, yadda mai karatu zai ga abin da ya tsaya da abin da ya motsa.

Wannan ne ya mai da ni Batsari da Safana. Ire-iren da suka fi daraja, watau na dandali, ba a ɗakunan ajiya na Kaduna ko Kano suke ba. Suna cikin akwatunan ƙarfe da ƙarƙashin gadaje a gidajen tsofaffin 'yan kasuwa da direbobi da malaman makaranta da dagatai, a garuruwa irin waɗannan. Tare da su kuma akwai abin da ya fi kaset ɗin wuyar samu, watau dattijon da ya halarci wasan, wanda zai ce wannan a bikin wane aka yi, wanda aka yi wa habaicin nan kuwa wane ne, ga abin da ya haɗa su. Yammacin Katsina kuwa ya sha wuya a hannun 'yan bindigar daji fiye da shekara goma. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum talatin a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar cikin ƙaramar hukumar Batsari. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin jiha ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin wannan yanki, ta taƙaita hawan babur da dare, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Wanda ya gudu da tsakar dare da 'ya'yansa a hannu ba ya tsayawa ɗaukar kaset. Ɗakin da aka bari damina biyu ba kowa, gara da ruwa sun gama da abin da yake ciki. Ba ina kwatanta asarar kaset da asarar rai ba ne, Allah ya kiyaye. Amma dandalin dare da kalankuwa da kiɗan biki, waɗanda su ne makarantar da ta haifi irin su Shata, su ne farkon abin da tsoro yake kashewa, ba kuwa a lissafa su cikin asara.

Aikin da ya rage ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Wayar da take aljihun kowane ɗalibi a ɗakin nan tana iya ɗaukar abin da kaset yake faɗa, tana kuma iya ɗaukar bayanin mai kaset ɗin. Ma'aikatan sashen ilimi da na al'adu a ƙananan hukumomi sun san gidajen da za a shiga, hakimai da dagatai kuma ba za su ƙi sa baki ba. A Batsari akwai Sarkin Ruma, a Safana akwai Yariman Katsina. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da Gidan Arewa a Kaduna da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero wurare ne da suka dace a kai kwafi, a kai kuma wuri fiye da ɗaya. Abin da nake roƙo ga wanda zai yi wannan aiki shi ne kada ya tsabtace kome. Kada ya yanke muryar sanƙira, kada ya cire guɗa da surutun jama'a, kada ya haɗa rabin wannan kaset da rabin wancan domin ya sami cikakkiya, kada kuma ya yar da wani don ya ga yana da irinsa. Ya rubuta garin da ya samo shi, da ranar, da abin da mai shi ya tuna game da wurin da aka yi wasan, da duk abin da aka rubuta a jikin kaset ɗin ko da da fensir ne. In mai kaset ya ce nasa ne na ainihi, a rubuta wannan ma, a kuma tambaye shi dalili.